Istiharar Mai Kayan Keke

A shekarar da mutanen daji suka shiga Mubi, kaka ta yi, ana cikin cirar gyaɗa, sai Yola ta wayi gari cike da baƙin da ba su shirya tafiya ba. Wasu a ƙafa, wasu a bayan tirela, wasu ta Kamaru suka zagayo, ƙafafunsu duk sun kumbura. Gidana na cikin garin Yola ya cika tun kafin in san abin da ake ciki. Dangin matata a ɗakuna, maƙwabtan danginta a tsakar gida, har ɗakin da nake ajiye littattafaina sai da aka shimfiɗa tabarmi a ciki. A wannan hali yayata ta iso, wadda nake kira Adda, da 'ya'yanta marayu, ba ta da ko ɗankwalin canji. Na duba gabas na duba yamma, ban ga inda zan sa ta ba.

Wanda ya fitar da ni kunya abokina ne na ƙuruciya. A zaure ɗaya muka yi karatun allo. Ni na ci gaba har na sauke na shiga littattafai, shi kuwa ranar da ya iya rubuta sunan kaya da farashinsa da ajami, ranar ya ga karatu ya kai inda ake bukata. Kakanninsa Barebari ne, fataken kanwa da suka sauka Jimeta ba su koma ba. Ni Bafulatani ne, saboda haka tun muna yara kowannenmu yake ce wa ɗan'uwansa bawansa. Yana kirana Modibbo, wato malam da Fillanci, rabi girmamawa rabi tsiya, ni kuma ina kiransa Alhaji. Shagonsa a unguwar Dubeli yake, cikin Jimeta. Tun da aka hana acaɓa a gari aka koma keke mai ƙafa uku, Allah ya buɗa masa, domin shi ke sayar da kayan gyaransa: fistin, ringi, filogi, taya, duk abin da keke zai nema.

Akwai wani ɗaki a bayan gidansa da yake jibge tayoyi. Ya sa aka tura tayoyin gefe guda, aka share, aka sa ƙyaure. A nan Adda ta zauna da yaranta har hanya ta buɗe suka koma gida. Alheri ne, kuma har yau ina sa shi a addu'a saboda shi. Sai dai Alhaji ba ya yin alheri ya bar shi ya kwanta. Kullum sai ya taɓa shi ya ji ko yana nan. In mun haɗu a ɗaurin aure, sai ya ce, "Modibbo, yaya Adda? Ka tuna ɗakin nan kuwa har yanzu ban mayar da tayoyin daidai ba?" In a jana'iza ne, sai ya rage murya ya faɗi abu ɗaya. Ko gardamar ganin wata muke yi, in ya ga zan kayar da shi, sai ɗakin taya ya fito, ni kuma in bar masa gardamar.

Babban ɗansa namiji yaro ne mai sanyin hali, Bappa yake kirana, wato baffa. Tun yana ƙarami in an yi hutu wajena yake zuwa, ba don ni ba, don shanun ɗan'uwana da ke kiwo a bakin kogin Binuwai. In saniya ta ƙi cin ciyawa, shi ma ranar ba ya cin abinci. Da ya gama sakandare ya ce likitan dabbobi yake so ya zama, bai taɓa faɗin wani abu ba bayan wannan. Lokacin kuwa gari ba kwanciyar hankali, bam ya tashi a Jimeta ba sau ɗaya ba, jami'o'i kuma yau a buɗe gobe a rufe. Duk mai ɗan hali sai ya fara tunanin fitar da ɗansa waje. Ban ga laifin kowa a kan wannan ba. Yadda ake zaɓen ƙasar ne har yau in na tuna nake neman tsarin Allah.

Wata rana bayan la'asar na biya shagon Alhaji, na tarar majalisa ta cika a kan benci, an baje ƙasashen duniya kamar ana tayin awaki. Yaron yana bayan kanta yana miƙa wa masu saye kaya. Maganarsa ake yi, amma ba wanda ya waiwaye shi.

Wani tela da ke maƙwabtaka da shagon ya ce, "Alhaji, Malesiya. Ɗan maigidanmu ya je, ya dawo ya yi fari ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninku. In ka gan shi ka san an yi karatu."

Mai sayar da wayoyi ya ce, "Wace Malesiya? Cana. Duk abin da ke aljihunka daga can ya fito."

Alhaji ya ce, "Ai shi ya sa ba zan kai shi ba. Filoginsu ko sati ba ya yi. Ƙasar da filoginta ke mutuwa a sati, digirinta wata nawa zai yi?"

Wani tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ake ji da shi a bencin saboda yana karanta jarida, ya gyara hula ya ce Sayifurus. Aka tambaye shi ina take. Ya ce can dai ta wajen Turawa. Da aka ga ba wanda ya san inda take, sai kowa ya girmama ta, har tela ya janye Malesiyarsa.

Na ce, "Alhaji, ni na tambayi yaron. Ya ce Sudan yake so, domin an gaya masa shanunsu irin namu ne, cututtukansu ma irin namu, ga Musulmi, ga sauƙin kuɗi. In ma ba haka ba, ya ce ko a gida ne zai yi, in dai dabbobi za a koya masa."

Sai da Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Ku ji bawana! Bafulatani ko'ina aka dosa sai ya ja mu wajen saniya. Sudan ɗin da kakana ya ratsa a kan jaki zai tafi hajji? Ƙasar da ake zuwa a mota ai ba waje ba ce, ƙauye ce mai nisa. In haka ne in kai shi Garwa ta Kamaru mana, ya riƙa dawowa cin tuwo."

Ban ce ra'ayina wahayi ba ne. Kowa ya ga abin da ya auku a Sudan daga baya, 'ya'yan mutane suka dawo a guje. Allah kaɗai ya san gaibu. Abin da na sani shi ne, a duk bencin nan ni kaɗai na tambayi mai tafiyar.

Alhaji ya miƙa hannu cikin kanta ya ɗauko fistin sabo, ya ɗaga shi sama yana juyawa. Ya ce, "Ku duba nan. Indiya. Ka sa wannan a keke, ka manta da shi. Mutanen da suka ƙera wannan, a ce ba su iya koyar da yaro ba?" Majalisa ta ce wallahi gaskiya ne. Sai da aka watse, muna tafiya masallaci, ya faɗa mini sauran zancen. Dillalan da ke kawo masa kaya ta Legas suna cinye masa riba. In yana da ɗansa na cikinsa a can inda ake ƙera kayan, shi ke nan ya huta. Ya ce, "Karatu da safe, kasuwa da yamma. Me ya fi wannan?"

Akwai wani dillalin makarantu da ya buɗe ofis a saman bene ta wajen unguwar Ajiya, bango duk hotunan dogayen gine-gine da ciyawa kore shar. Shi ya kama aikin. Da aka ce masa likitan dabbobi, ya duba kwamfutarsa ya ce babu gurbi, amma akwai ilimin kasuwanci. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, dillalin ya ce, "Alhaji, no wahala, digiri duk digiri ne. In ya je can sai ya canza." Alhaji ya ce dama kasuwancin ya fi.

Mutum ɗaya ce ta tsaya masa, uwar yaron. Hajiya ba mai yawan magana ba ce, amma ta ce ɗanta ba zai tafi ƙasar da bai zaɓa ba, ya karanta abin da bai zaɓa ba, sai in an yi istihara ta nuna haka. Kuma ta ce ba ta yarda da istiharar kowa ba sai ta Modibbo na Yola. Wannan ne ya kawo Alhaji gidana wata Juma'a bayan an sauko, da ledar lemo da kankana, abin da bai taɓa yi ba.

Muka zauna a zaure. Ya ce, "Modibbo, istihara za ka yi mini."

Na ce, "A kan me?"

"A kan ƙasar da yaron nan zai tafi. Indiya nake so ta fito."

Na ce, "Alhaji, ka san ma'anar istihara kuwa? Roƙon Allah ne ya zaɓa maka. Kai ka riga ka zaɓa, har ka biya dillali. Me kuma kake so Allah ya yi, ya sa hannu?"

Ya ce, "A'uzu billahi, kada ka sa ni saɓo. Ni dai ka yi sallarka, ka kwanta, da safe ka kira Hajiya ka ce Indiya ka gani. Wa zai shiga barcinka ya duba?"

Na ce wanda zan yi wa sallar shi zai duba. Na ƙara gaya masa cewa mai bukata shi ya fi cancanta ya yi da kansa, raka'a biyu ce da addu'a, kuma ba dole ne a yi mafarki ba. In ana so a yi daidai ma, yaron ne ya kamata ya yi, tun da rayuwarsa ce.

Ya kalli ledar kankana, kamar yana tunanin ko ya koma da ita. Can ya ce, "Ni lokacin da Adda ta zo, ban yi istihara ba kafin in kwashe tayoyina."

Na daɗe da sanin wata rana ɗakin nan zai zo neman kuɗin hayarsa, ban dai zaci a wannan wuri zai nema ba. Na ce, "Ka nemi komai nawa, gona ko saniya, zan ba ka. Amma ba zan ce na ga abin da ban gani ba." Na ɗauko takarda na rubuta masa addu'ar istihara, na sa mata wasali duka, na yi bayanin yadda ake yi da ajami a ƙasa, tun da boko ba ya shiga idonsa. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya tashi ba sallama. Kankanar ya bari, lemon ya ɗauka.

Ba a yi sati ba na ji an samu wani malami ta wajen unguwar Gwadabawa wanda ya yi istiharar, ya ga giwa tana shan ruwa a bakin wani babban kogi, ga mutane da rawuna. Aka ce ai Indiya ke nan, ba tantama. Malamin nan yana da ɗa mai tuƙa keke, injin keken ya daɗe a kwance, a makon ya tashi. Aka gaya wa Hajiya wai Modibbo ya ce ciwon ido ya hana shi, shi ya tura su wajen wancan. Sai bayan an buga biza na ji wannan ƙarya. Na aika mata da gaskiyar magana ta bakin matata, ta ce ta gode, amma aikin gama ya gama.

Ranar tafiya na je filin jirgi. Rabin Dubeli ta zo rakiya, tela har da sabuwar riga. Alhaji ya zaro wata takarda ya damƙa wa yaron yana cewa kada ya yar. Na gane ninkin takardar. Addu'ata ce. A bayanta ya jera sunayen kayan keke da yake so a fara aiko masa.

Abin da Alhaji bai tambaya ba, dillali kuma bai ga dalilin faɗa ba, shi ne girman ƙasar. Shi a ransa Indiya kamar Jimeta ce da Yola, makaranta a nan, kasuwa a can, ka hau keke ka je ka dawo. Ashe garin da makarantar take da garin da ake samun kayan, tafiya ce ta jirgin ƙasa wadda sai an kwana a hanya. Yaron yakan kira ni jefi-jefi. Ya ce makarantar ba ta da laifi, malamai suna koyarwa, amma suna kiran suna kullum, wanda bai cika zama a aji ba ba ya shiga jarrabawa. Shi kuwa duk lokacin da ya zauna, sai waya ta yi ƙara: ringi ya ƙare, je ka duba taya, mai kwantena ya ce gobe zai rufe. In ya ce, "Baba, jarrabawa muke," sai a ce masa, "Jarrabawa ba ta gudu, kwantena kuwa tana tafiya." Batun canza fanni zuwa dabbobi, da ya tambaya aka ce makarantar ko akuya ba ta koyarwa.

A Dubeli kuwa shago ɗaya ya zama uku. Aka daina cewa Alhaji mai kayan keke, aka koma Baban Dokta, shi kuma yana amsawa. In an tambaye shi yaushe Dokta zai gama, sai ya ce karatun can ba irin na nan ba ne, mai zurfi ne.

Shekaru suka tafi a haka. Wata rana da damina, na idar da sallar azahar ina zaune a zaure, sai ga keke ya tsaya a ƙofar gida. Wani saurayi ya sauko da jaka ɗaya, ya rame, gemu ya fito. Sai da ya ce, "Bappa," na gane shi. Makarantar ta sallame shi saboda rashin zama, takardar zamansa a ƙasar ta ƙare, ya dawo hannu wofi. Daga filin jirgi ya kira ubansa, uban ya ce kada ya kuskura ya taka Dubeli, domin ya riga ya gaya wa jama'a saura shekara ɗaya Dokta ya kammala. Ya nemi wani wuri ya fake tukuna har a san abin da za a ce.

Na ce, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Na sa aka kawo masa. Yana ci yana gaya mini keken da ya kawo shi ringinsa ya kusa mutuwa, daga ƙarar ya ji. Ya yi dariya, sai kuma hawaye. Ya ce, "Bappa, abin da na karanto ke nan."

Na tura littattafaina gefe guda, aka share ɗakin, aka shimfiɗa masa katifa. Daga wannan damina har wata damina yana gidana. Da safe ya tafi bakin kogi wajen shanu, da yamma ya zauna da littattafan jarrabawar shiga jami'a, tare da yaran da ya girme su nesa. Hajiya tana zuwa a ɓoye da kwanon abinci, kamar mai ziyarar ɗan kurkuku. Alhaji bai zo ba ko sau ɗaya. In mun haɗu a taro sai ya gaishe ni daga nesa, a karo na farko cikin shekaru ba ya tambayar lafiyar Adda.

Allah cikin ikonsa yaron ya ci jarrabawa, wata jami'a ta cikin gida ta ba shi gurbin karatun likitan dabbobi. Sai dai ya ce ba zai tafi ba sai ubansa ya sa albarka, kuma ba zai ƙara zama a ɓoye kamar ɓarawo ba. Lokacin rajista yana ƙurewa. Na aika wa Alhaji cewa in bai zo Juma'a ba, ni zan kawo masa ɗansa har benci, bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika.

Ya zo. Ba lemo, ba kankana. Ya zauna a inda ya zauna wancan karon, ya ce, "Modibbo, so kake ka tona mini asiri a gari."

Na ce, "Shekara guda ina rufe shi a ɗakin littattafaina. Ya yi girma, ɗakin ba ya ɗaukarsa."

"To me zan ce wa mutane? Na kai yaro Indiya ya dawo zai yi karatun saniya a gida?"

"Ka ce musu giwar ta gama shan ruwa."

Ya harare ni, ya so ya yi fushi, dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne. Na kira yaron ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, ina jin rabon da ya dube shi ba waya a tsakani tun ranar filin jirgi. Ya ce, "Kai, har yanzu dabbobin kake so?"

Yaron ya ce, "Su nake so, Baba."

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a yi a kan benci tun farko, ga ta an yi ta bayan an ci kuɗin jirgi da shekarun yaro. Alhaji ya ce, "To Allah ya sa albarka. Tashi ka ɗauko jakarka."

Da yaron ya shiga ciki, na ce, "Saura ni da kai. Adda ta zauna a ɗakin tayarka, ɗanka ya zauna a ɗakin littattafaina. Ina so ka faɗa da bakinka cewa ba ka bina komai."

Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne. Ya ce, "Ai Adda da yara ta zo. Nawa mutum ɗaya ne."

Na ce, "Adda ba a ɓoye ta zauna ba. Kuma ni ban taɓa tare ka a jana'iza na ce maka littattafaina ba su koma daidai ba."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Can ya miƙo mini hannu ya ce, "Ɗaki ya biya ɗaki, bawana. Ba na binka."

Na ce, "Allah shaida?"

Ya ce, "Allah shaida."

Da rana tsaka suka hau keke ɗaya, uba da ɗa da jaka, suka nufi Jimeta. An ce da suka sauka a Dubeli tela ne ya fara tasowa yana cewa Dokta ya dawo, Alhaji ya ce masa, "Bai zama ba tukuna, zauna." Yaron yana can yanzu yana karatunsa, in an yi hutu wajen shanu yake sauka kafin ya zo gaishe ni.

Da babbar salla da ta wuce Alhaji ya zo mini barka da salla, muka shiga gardama a kan farashin raguna, na kusa kayar da shi. Na ga ya gyara zama irin yadda ya saba, ya ce, "Modibbo, ka tuna shekarar Mubi..." Sai ya tsaya. Ya dube ni, na dube shi. Ya haɗiye sauran maganar ya ce, "Gyaɗa ta yi araha a shekarar."

Na ce, "Ta yi." Muka ci gaba da zancen raguna.